Ƙararrawar da Ba a Kaɗa wa Arvid Ba

Duk wanda ya san Doreen Salmela a garinmu ya san abu biyu ne ba ta yarda da su ba: fatalwa da masu hasashen yanayi. Doguwar mace ce mai kaifin baki, 'yar mai haƙar tagulla, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a kamfanin takarda na bakin tafkin Superior, a arewacin Amurka, tana rubuta wa injina umarni, tun zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. Ranar da ta yi ritaya ta kakkaɓe hannu, ta ce ita da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa. Ta koma noman dankali a bayan gida, da saƙa, da yi wa mijinta tsiya, wadda ita ce sana'ar da ta fi ƙwarewa a kai.

Mijin, Arvid, mai gyaran wuta ne, gajere, shiru-shiru, irin mutanen da za ka rabu da su kana yabon daɗin hirarsu, sai daga baya ka tuna kai kaɗai ka yi magana. Allah bai ba su haihuwa ba. Da tsufa ya zo masa sai ya faɗa cikin abin da ita ta gudu ta bari, kuma ƙararrawar cocinmu ce sila. Tun da aka rufe ramukan tagulla matasa suka watse, ba a bar mai ƙarfin jan igiya ba. Arvid ya ɗaura wa ƙararrawar guduma mai aiki da lantarki, ya haɗa ta da wata 'yar kwamfuta a gindin hasumiya.

Manhajar da ke gaya wa gudumar lokacin bugu ba tasa ba ce, ba kuma ta kowa ba ce. Wasu mutane ne warwatse a Amurka da Kanada ke rubuta ta kyauta, tsofaffin malaman makaranta da masu sharar coci da wani likitan haƙori, yawancinsu ba su taɓa haɗa ido ba. Rumbu guda gare su a intanet. Kowa sai ya kwafo manhajar zuwa kwamfutarsa, ya gyara abin da ya ga ya lalace, ya tura. Mai kula da rumbun, Gaétan Thibodeau, wani masuncin da ya daina fita teku a can Nova Scotia ta gabashin Kanada, shi zai duba, in ya gamsu ya haɗe gyaran da na kowa. Rumbun nan ba ya mantuwa. Kowane layi na ɗauke da sunan hannun ƙarshe da ya taɓa shi, da ranar, da ɗan bayanin da mai gyaran ya rubuta.

Bayanin Arvid bai taɓa canzawa ba. Ko layi ɗaya ya gyara, ko ya rushe rabin manhajar ya sake gini, abin da zai rubuta shi ne: "Na ɗan taɓa."

"Tsoho, wannan kuma wane irin bayani ne?" in ji Doreen, ran da ta leƙa ta kafaɗarsa. "Ka ɗan taɓa me? Da a kamfani ne da tuni na kore ka."

"Shi ya sa ban nemi aiki a wurinki ba, uwargida," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Aure na nema."

A ɗakin sama yake aikinsa. Kullum la'asar zai sauko, ya zauna a teburin kicin, ya ɗauki cokali ya bugi gefen kofinsa sau ɗaya, ya naɗe hannu ya jira. Ba zai ce a ba shi gahawa ba. Ita kuma ta ce masa ita ba baiwarsa ba ce, butar ga ta nan a gabansa, ba ta cizo. Tana faɗa tana zubawa.

Mutanen rumbun suna da wata al'ada. Idan ɗayansu ya rasu, sai a rubuta sunansa a wani sashe na manhajar, ranar Lahadin da ta biyo baya da tsakar rana duk wata ƙararrawa da ke aiki da ita ta kaɗa masa, a hankali, daga wannan teku zuwa wancan. Arvid ne da kansa ya rubuta sashen, lokacin da wata tsohuwa ta rasu a Manitoba. Ba komai yake alfahari da shi ba, amma wannan kam ya kira Doreen ta zo ta gani, ta kuma duba ba ta sami abin kushewa ba, abin da ya ɓata mata rai har yamma.

A watan Janairu ya faɗi a ƙofar gida, shebur a hannunsa, yana kwashe dusar ƙanƙara. Kafin motar asibiti ta ratso hanya ya cika. Ranar da aka yi masa addu'a a coci guguwa ta tsinke wayar wuta, aka kunna kyandir, ƙararrawa kuwa ta yi gum, domin wanda ya san yadda ake tayar da ita idan wuta ta ɗauke yana kwance cikin akwati a gaban mutane. Ƙanwarsa Elvi ta yi kuka har ta shiɗe. Doreen ba ta zubar da hawaye ba. Aka kai shi ɗakin ajiya na maƙabarta ya jira daskararriyar ƙasa ta narke a iya haƙa kabari.

Sai cikin Maris ta iya hawa ɗakin sama, kuma niyyarta kawai ta kashe kwamfutar ta rufe ta da ƙyalle. Tana taɓa ta allon ya haska. Ga saƙon Gaétan: "Baba Arvid, ina ka shige? Tun da aka tura agogo gaba da awa ɗaya kamar yadda ake yi duk Maris, wata ƙararrawa a Saskatchewan take tashin mutane kafin lokaci. Can ba sa taɓa agogonsu, mu kuma mun taɓa musu. Fastonsu ya kusa cinye ni ɗanye. Ka taimaka."

Ta tsaya a kan ƙafafunta ta buɗe manhajar, don dai ta ga shirmen da suka yi. Kafin ta ankara ta ja kujera. Kuskuren yana nan ƙuru-ƙuru, ko makaho ya shafa ya ji. Ta gyara, ta rubuta cikakken bayani irin na mutanen da suka san aiki, ta tura. Abin da ba ta yi tunani ba, kuma ita ta fi kowa sanin sa, shi ne kwamfuta ba ta duban fuskar wanda ke zaune a gabanta. Sunan da aka saita mata tun farko shi take liƙa wa kowane gyara. Gyaran Doreen ya shiga rumbu da sunan Arvid Salmela, da kwanan watan ranar.

Amsa ta zo kafin ta tashi. "Baba Arvid! Ashe kana raye! Har na fara tunanin dabbar beyar ta cinye ka a daji. Allah ya bar mana kai."

Ta yi dariya, dariyar farko tun Janairu, daga nan dariyar ta juye, ta kifa kai a teburinsa ta yi kukan da ta hana kanta a coci. Da ta lafa ta ɗora yatsu za ta rubuta gaskiya. Ta kasa. In ta faɗa, za su sa sunansa a wancan sashe, ƙararrawa ta kaɗa, shi ke nan. A garinmu Arvid ya mutu, a banki ya mutu, a gefen gadonta ya mutu. Wuri ɗaya ya rage a duniya inda ake masa tsiya ana jiran amsarsa, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta rufe wurin da hannunta ba.

Haka aka shiga. Aka binne shi a watan Mayu, ta dawo daga maƙabarta ta hau sama ta gyara wa wani coci a Ohio bugun biki. Ta riƙa saka rigar sanyinsa mai hujin gwiwar hannu, wai ɗakin da sanyi, ko da a Yuli. Ta koyi amsa saƙo a gajarce kamar yadda yake yi. Abu ɗaya ne ta kasa kwaikwaya. Sau da yawa takan fara rubuta "Na ɗan taɓa," sai ta goge, ta rubuta abin da ta gyara da dalilin gyaran dalla-dalla. Son miji daban, aikin banza daban.

Wani lokaci takan zauna bayan abincin rana, ta ɗaga kai ta ga inuwar hasumiya ta riga ta kai bakin titi, ba ta san inda yinin ya bi ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Mahaifiyarta da haka ta fara, kafin ta kai ga tambayar Doreen ko 'yar wane gida ce.

Cikin kaka, bayan an tone dankali, wata ranar Talata da la'asar tana tsaye a kicin, ƙararrawa ta buga. Sau ɗaya. Ba lokacin ibada ba ne, ba kan awa ba ne, ba a yi rasuwa ba. Doreen ta duba ta ga hannunta ya riga ya kama butar gahawa, bakinta ya buɗe zai ce ba ta cizo. Ta saki butar kamar ta taɓa wuta. Kicin ɗin ya yi tsit, ba ka jin komai sai firij.

Washegari ma ta buga, daidai wannan lokaci. Jibi ma haka.

Ran Juma'a Elvi ta turo ƙofa ba sallama, kamar yadda ta saba, ta ajiye burodin kirfa a tebur. Gajeriya ce kamar yayanta, amma duk maganar da Allah ya hana shi ita ya ba.

"Matarmu, kin ji abin nan kuwa? Gari duk ya ɗauka. Tsohuwar gidan Koskela har ta ciro baƙar rigarta, wai ita ake kira. Na ce mata ke da ko mura ba ta kama ki, wa zai kira ki? Fasto ya shiga gindin hasumiya ya tsaya yana kallon akwatin nan kamar zai yi masa wa'azi. Ke ba kin san kan waɗannan abubuwa ba? Ki duba mana don Allah."

"Zan duba," in ji Doreen.

"Yau, ba baɗi ba. Kuma wannan rigar ta Yaya ce ko idona ne?"

Doreen ta haye sama, ta bar ta tana yanka burodi. Kowane coci yana da jadawalinsa a rumbun. Ta buɗe na garinmu. A can ƙasa ga wani layi da ba ta sani ba: bugu ɗaya, kullum, da la'asar. Ta tambayi rumbun hannun wa ya taɓa shi. Arvid Salmela. Wannan bai ba ta tsoro ba, duk gyaran da ta yi tun Maris haka yake cewa. Kwanan watan na Litinin ɗin da ta wuce ne. Sai idonta ya kai kan bayanin.

"Na ɗan taɓa."

Ta yi ƙoƙarin tuna Litinin. Da safe ta kwashe sauran dankali, ta ci miya da rana, ta hau nan, ta zauna. Bayan wannan babu komai, sai ta ga kanta tana wanke kwano da yamma. Ƙofar gida a kulle take ranar. Babu wanda ya san kalmar sirrin kwamfutar sai ita da wanda ke kwance a maƙabarta. Da ta sa sunanta tun ranar farko, da kallo ɗaya ya raba gardama. Amma ita da kanta ta gauraya hannunta da nasa, har rumbun da ba ya mantuwa ya kasa gaya mata wane ne wane. In ita ce ta rubuta, to hankalinta ya fara bin hanyar na mahaifiyarta. In kuwa ba ita ba ce, ba ta so ta ƙarasa tunanin. Ta lura kujerar da take kai ta lotsa daidai jikinsa, ba daidai nata ba, ta miƙe da sauri.

Ta sauko ta zauna gaban Elvi ta zayyana mata komai, tun daga Saskatchewan. Elvi ta saurara ba ta katse ta ba, abin da ba a taɓa gani ba a garinmu.

"Wato mutanen nan ba su san ya rasu ba," ta ce daga ƙarshe.

"Ba su sani ba."

"Kuma abin nan da ya rubuta, na kaɗa wa mamaci, ba a yi masa ba."

"Elvi, in an yi ai ya tafi ke nan."

"Ya tafi mana! Ina kika ga ya zauna? Haba matarmu, ke da ba kya yarda da fatalwa, ke ce kika ajiye guda a ɗakin sama kina ba ta aiki?" "Ranar addu'a guguwa ta hana shi ƙararrawa, wannan ikon Allah ne. Ta biyun ke kika hana shi. Mutumin da ya kaɗa wa kowa a garin nan!"

"To wa ya rubuta layin? Ni ce?"

"Oho. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san Yaya. Bai taɓa roƙon abu da baki ba tun muna yara. Bugu ɗaya yake yi, ya naɗe hannu ya jira."

Daidai nan ƙararrawar ta buga. Su biyun suka kalli kujerar Arvid da ke gefen taga har ƙarar ta mutu.

Da safiyar Asabar Doreen ta cire rigar ta ninke. Ta hau sama, ta shiga inda aka saita sunan, ta goge Arvid ta rubuta Doreen. Harafi biyar kacal ta goge, amma sai da ta huta a tsakani. Sannan ta buɗe sashen da ya rubuta da hannunsa, ta sa sunansa a ƙarƙashin na sauran. A wurin bayani ta ce: "Arvid ya rasu tun Janairu. Ni matarsa ce. Ni nake ta aiko muku da gyara da sunansa, ku yafe ni." Ta ƙara lambar wayarta, ta tura.

Ba ta gama saukowa ba wayar ta yi ƙara. Murya ce mai kauri, ana jin kukan tsuntsayen teku a bayanta.

"Mama Doreen? Gaétan ne. Allah ya ji ƙan Baba, ya ba ki haƙuri." Ya ja numfashi. "Kada ki nemi gafarar kowa. Ni tun Maris jikina ya ba ni."

"Ta yaya?"

"Haba Mama. Shekara da shekaru ina roƙon dattijon nan ya rubuta min jimla guda cikakkiya, rana ɗaya sai ga bayani har da waƙafi? Na ce ko dai ya tuba, ko dai wani ne a kujerarsa. Kuma na san ba zai tuba ba."

"Me ya hana ka magana?"

"Ba ni ne zan faɗa ba. Na ce mai shi zai faɗa in ya shirya."

Ta riƙe ƙarfen matakala da kyau. "Layin nan na Litinin fa? Na cocinmu?"



"Shi ne ya rikita ni," ya ce. "Da na ga 'Na ɗan taɓa,' wallahi sai da na yi ihu, matata ta fito da gudu. Na ce ashe ciwo ya yi ya warke, ni ne na yi masa mugun zato. Ko dubawa ban yi ba na haɗe. Daga kwamfutar gidanku ya fito, iyakar abin da zan iya gaya miki ke nan. In cire shi?"

"A'a," in ji Doreen. "Bar shi yadda yake."

Ranar Lahadi da tsakar rana ita da Elvi suka tsaya a bakin kabarin, ganyaye suna ta zubowa. Ƙararrawarmu ta fara, a hankali, da dogon shiru tsakanin bugu da bugu. Tun da hantsi, lokacin da rana ta kai tsaka a can wajensu, Gaétan ya riga ya kira ya ɗaga wayarsa sama don ta ji tasu, siririyar murya daga bakin teku, ya ce yanzu haka wasu garuruwan sun gama, wasu rana ba ta kai musu tsaka ba tukuna, haka za ta yi ta tafiya yamma har ta kai ɗaya tekun. Tsohuwar gidan Koskela ta zo cikin baƙar rigarta, ta samu inda za ta sa ta. Doreen ta yi kuka a gaban jama'a, ba ta ɓoye fuska ba.

Har yanzu tana aika gyara, da sunanta, kuma sababbin shiga rumbun suna tsoron ta fiye da yadda suke tsoron Gaétan, domin duk wanda ya turo bayanin da bai cika ba sai ya ji a jikinsa. Likita ya duba ta ya ce ƙwaƙwalwarta ta fi tasa. Ta ce wannan ba yabo ba ne.

Amma a ranar Lahadin nan, da ta dawo daga maƙabarta, ta ɗora gahawa tun kafin la'asar. Ta fito da kofi biyu, ta sa cokali a gefen nasa, ta zauna tana fuskantar taga. Ta riga ta shirya abin da za ta ce, cewa ita ba baiwarsa ba ce. Inuwar hasumiya ta miƙo, ta ƙetare titi, ta hau bangon maƙwabta. Ƙararrawa ba ta buga ba.

Ta hau sama ta duba. Layin yana nan, babu wanda ya taɓa shi, sunan Arvid a gefensa, kuma bisa duk abin da ta sani na aikin nan dole ne ya yi aiki. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauko, ta ɗauki kofin da ba a sha ba, ta wanke shi duk da cewa wankakke ne, ta mayar da shi cikin kabad.